Gado Uku a Cikin Kalma Guda: Tarihin Dogayen Kalmomin Ingilishi

Duk malamin da ya taɓa sauraren ƴan kwaleji ko na lise suna karanta Ingilishi a bayyane ya san inda gizo ke saƙa. Gajerun kalmomi ba su cika ɗaure musu harshe ba. Amma da zarar kalma ta kai gaɓa huɗu ko biyar, irin su «nationality» ko «photography», sai a ga abin mamaki: yaro ya gane ma'anarta tun kafin ya buɗe baki, domin ya san ƴar'uwarta a Faransanci, amma idan ya furta ta, mai harshen ba zai gane abin da ya ce ba. Galibi baƙaƙensa da wasulansa ba su da wani babban aibu. Abin da ya ɓata shi ne wurin da ya ɗora ƙarfin muryarsa.

A Ingilishi kowace kalma mai gaɓa biyu ko fiye tana da gaɓa guda da ake ƙarfafawa fiye da sauran. Ita ce ta fi tsawo da ƙara, murya kuma takan ɗaga a kanta, sauran kuwa sukan raunana har wasulansu su dushe. A wannan maƙala za mu riƙa rubuta gaɓa mai ƙarfi da manyan haruffa. Mai karatu ya dubi waɗannan: PHO-to-graph, pho-TO-gra-phy, pho-to-GRA-phic. Saiwarsu ɗaya, amma ƙarfin ya zauna a wuri uku dabam-dabam. Ganin haka ya sa ake yawan gaya wa ɗalibai cewa wannan fanni ba shi da ƙa'ida, sai dai hadda. Alhali kuwa ƙa'idojin ne suka yi yawa: guda uku ne, kowace da zamanin da ta shiga harshen da mutanen da suka kawo ta.

Batun ya wuce sha'awar masana harshe kawai. Ƴaƴanmu suna fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, da yawa daga cikinsu suna zuwa neman ilimi a jami'o'in Najeriya da Gana, kuma kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Harshen da za a yi aiki da shi kuwa dole ne a iya furta shi yadda za a fahimta. Tunda waiwaye adon tafiya ne, bari mu koma Ingila mu ga yadda aka gina waɗannan kalmomi.

Gado na farko: ƙarfi a goshin kalma

A ƙarni na 5 na Miladiyya ne wasu ƙabilu, Angil da Sakson da Jut, suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Danmak na yau, suka zauna a ƙasar da daga baya ta ɗauki sunan na farkonsu, wato Ingila. Harshensu ɗan'uwan Jamusanci da Holanci ne, kuma dangin duka suna da ɗabi'a guda: ƙarfin murya yana sauka a gaɓar farko ta saiwar kalma. Wani masani ɗan Danmak, Karl Verner, ya nuna a 1877 cewa a can da, kakan waɗannan harsuna yana da ƙarfi mai yawo daga gaɓa zuwa gaɓa, daga baya ne ya tsaya cak a goshi. Har yau haka kalmomin gado suke: FA-ther, WA-ter, SUM-mer. Babbar togaciya ita ce aikatau mai ɗafa-goshi, inda ake tsallake ɗafin a ƙarfafa saiwa: for-GIVE, be-COME, un-der-STAND. Tsofaffin waƙoƙinsu ma a kan haka aka gina su. Ba su damu da amsa-amon ƙarshen baiti kamar namu ba. Sautin farko na gaɓoɓi masu ƙarfi suke daidaitawa.

Idan goshi ya cinye ƙarfi duka, ƙeya ce ke shan wahala. A hankali gaɓoɓin ƙarshe suka riƙa zaizayewa. Kalmar «nama», wato suna, mai gaɓa biyu, ta koma «name» mai gaɓa ɗaya, harafin ƙarshen yana nan a rubuce amma ba a furta shi. «Hlafweard», mai tsaron gurasa, ta zama «hlaford», daga nan ta zama «lord», ubangida. «Hlæfdige», mai kwaɓa gurasa, ta zama «lady». Ɗafa-ƙeyar da ke nuna jinsi da aikin suna a cikin jimla su ma yawancinsu haka suka ɓace.

Baƙuwar kalma ma ba ta tsira ba. Bayan zuwan Augustine ƙasar Kent a 597 don yaɗa addinin Kirista, kalmomin coci sun shigo daga Latin da Girkanci, amma an sassaƙe su daidai bakin masu gida: «episcopus» ta zama «bishop», «presbyter» ta zama «priest», «eleemosyna», wato sadaka, mai gaɓa shida, ta ƙare a «alms» mai gaɓa ɗaya tak. Idan kuwa sun buƙaci sabon suna, sai su haɗa kalmomin gida biyu, kamar yadda mu ma muke cewa «gidan waya» ko «jirgin sama». Lissafi a wurinsu «rimcræft» ne, sanin ƙidaya; ilimin taurari kuma «tungolcræft». Wannan hanya ba ta mutu ba, kuma ƙarfinta yana goshi: BLACK-bird sunan wani irin tsuntsu ne, black BIRD kuwa kowane baƙin tsuntsu.

Gado na biyu: Faransanci ya hau gadon sarauta

Ranar 14 ga Oktoba 1066, Guillaume mai mulkin Normandi ya ci yaƙin Hastings, ya zama sarkin Ingila. Daga nan har kusan shekara 300, Faransanci ne harshen fada da na manyan gidaje da na shari'a, Latin na coci da makaranta, Ingilishi kuwa na talaka. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, ita kanta dokar kuma da Faransanci aka rubuta ta. Henry na 4, wanda ya hau mulki a 1399, shi ake ɗauka sarki na farko tun bayan Hastings da ya tashi da Ingilishi a bakinsa. Masana sun ƙiyasta cewa kalmomin Faransanci kimanin 10,000 ne suka shiga harshen a wannan zamani: na mulki, na kotu, na yaƙi, na sutura da na abinci.

Faransanci yana jingina muryarsa a ƙarshen kalma, akasin ƙa'idar masu gida. Rago biyu ke nan a turke ɗaya. A waƙoƙin Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ana samun kalma guda kamar «fortune» ko «honour» an ƙarfafa ƙarshenta a wani baiti, an ƙarfafa goshinta a wani, gwargwadon buƙatar ma'aunin waƙa. Wannan alama ce ta cewa mutanen Landan na lokacin suna jin furucin biyu duka. Daga ƙarshe ƙa'idar gida ce ta yi rinjaye a kan tsofaffin kalmomin aro: CI-ty, NA-ture, HO-nour, COUN-try. Kalmar da Chaucer ke rubutawa «nacioun», mai gaɓa uku, ta koma NA-tion mai gaɓa biyu.

Sai dai aro daga Faransanci bai tsaya nan ba. Bayan 1660, lokacin da sarki Charles na 2 ya dawo daga gudun hijirar da ya yi wani ɓangarenta a Faransa, yayin Faransanci ya sake tashi a tsakanin manya. Kalmomin da suka shigo a makare sun fi riƙe ƙarfinsu na ƙarshe: ma-CHINE, bri-GADE, ho-TEL. Don haka wurin ƙarfi yakan faɗi shekarun kalma, kamar yadda haƙori ke faɗin shekarun doki. Kalmar Latin «hospitale», masaukin baƙi, sau uku ta shiga Ingilishi: HOS-tel da HOS-pi-tal tun ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, ho-TEL kuwa sai ƙarni na 17. Biyu daga cikinsu sun iso mu: asibiti da otal. Haka nan MO-ral da mo-RALE, CRI-tic da cri-TIQUE: tsohon baƙo ya zama ɗan gari, sabon baƙo yana nan da rigarsa. Har a ƙarni na 20 kokawar ba ta ƙare ba. «Garage», wadda ta shigo a farkon ƙarnin, Ingila ta mai da ita GA-rage, Amurka ta bar ta ga-RAGE.

Gado na uku: kalmomin kurtun tawada

William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, a Westminster. A ƙarni biyun da suka biyo baya, malamai suka duƙufa ga fassara littattafan Romawa da Girkawa, suka kuma fara rubuta ilimin likitanci da falsafa da lissafi da harshensu. Sun tarar harshen ba shi da isassun kalmomi, sai suka ɗebo dubbai kai tsaye daga Latin da Girkanci. A nan ne dogayen kalmomi suka yi ambaliya. Thomas Elyot, a littafinsa na 1531 kan tarbiyyar masu mulki, da gangan ya riƙa shigo da irin su «maturity», yana bayanin ma'anarsu ga masu karatu.

Ba kowa ya yarda ba. Masu adawa sun laƙaba wa irin waɗannan kalmomi suna na ba'a wanda ma'anarsa ita ce kalmomin kurtun tawada, wato waɗanda ba su taɓa fitowa daga bakin mutum ba sai daga alƙalami. Thomas Wilson ya yi musu kaca-kaca a littafinsa na balaga a 1553. John Cheke, shehin malamin Girkanci a Cambridge, wanda ya koyar da sarki Edward na 6, yana ganin zanen aro ba ya rufe katara. A fassarar Linjilar Matta da ya yi, ya ƙera kalmomi daga saiwar gida: «hundreder» maimakon «centurion», shugaban soja ɗari, da «mooned» maimakon «lunatic», mai taɓin hankali. Jama'a ne suka yanke hukunci ta hanyar amfani: sun karɓi «impede», sun watsar da kishiyarta «expede», sun bar ƙirƙire-ƙirƙiren Cheke a cikin littafinsa. Yawan baƙin kalmomi ne ya haifi ƙamus na farko na Ingilishi zalla, na Robert Cawdrey a 1604, mai ɗauke da kalmomi masu wuya kimanin 2,500.

Waɗannan kalmomi sun zo da ƙa'ida ta uku, wadda kowane ɗan makarantar Latin ya haddace. Romawa daga ƙarshen kalma suke ƙirgowa, kuma nauyin gaɓa suke aunawa. Ana duba gaɓa ta biyun ƙarshe. Idan mai nauyi ce, wato tana da dogon wasali ko baƙi ya rufe ta, ita ke ɗaukar ƙarfi: a-MI-cus, aboki; ma-GIS-ter, malami. Idan marar nauyi ce, sai ƙarfin ya ja baya zuwa ta ukun ƙarshe: DO-mi-nus, ubangida. Da kalmomin Latin suka yi yawa, sai wannan ma'auni ya zama na Ingilishi kansa, musamman a sunaye: a-GEN-da, a-RO-ma, ho-RI-zon a gefe guda, CA-me-ra, a-NA-ly-sis, a-ME-ri-ca a ɗaya gefen. Lokacin da Noam Chomsky da Morris Halle suka fitar da babban littafinsu kan tsarin sautin Ingilishi a 1968, babbar ƙa'idar ƙarfin da suka tsara ta yi kama ƙwarai da wannan ta Romawa.

A daidai wannan zamani kuma, daga wajen 1400 zuwa 1700, dogayen wasulan Ingilishi suka sauya furuci gaba ɗaya, sauyin da Otto Jespersen, shi ma ɗan Danmak, ya raɗa wa suna babban ƙauran wasula. Gajerun wasula kuwa ba su bi wannan ƙaura ba. Da yake wasalin gaɓa ta ukun ƙarshe gajere ne a yawancin kalmomin aro, sai aka wayi gari ƴan ɗaki ɗaya sun bambanta a kunne ko da yake rubutunsu ɗaya ne: «divine» da «divinity», «sane» da «sanity», «nation» da «national». Mai Faransanci ba shi da wannan matsala tsakanin «divin» da «divinité», shi ya sa yakan faɗa tarkon.

Yadda gadon uku ke rabon kalma

Doguwar kalmar Ingilishi gini ce: saiwa a tsakiya, ɗafa-goshi a gaba, ɗafa-ƙeya a baya. Asalin ɗafa-ƙeya shi ne ke nuna inda ƙarfi zai sauka, kuma kashi uku ne.

Kashi na farko su ne na gado, irin su -ness, -less, -ful, -hood, -ly da -ing. Ba sa taɓa ƙarfin saiwa ko kaɗan: HAP-py, HAP-pi-ness; NEIGH-bour, NEIGH-bour-hood; CARE-less-ness.

Kashi na biyu na Latin ne da Girkanci, da yawansu ta hanyar Faransanci suka biyo. Su -ity, -ic, -ion da -ian suna janyo ƙarfi zuwa gaɓar da ke dab da su: NA-tio-nal, na-tio-NA-li-ty, e-CO-no-my, e-co-NO-mic, HIS-to-ry, his-TO-ri-an, E-du-cate, e-du-CA-tion. Idan aka lura, ƙa'idar Romawa ce ke aiki a ɓoye: -ity gaɓa biyu ce, ta farkonta marar nauyi, -ion ma a da gaɓa biyu ce, saboda haka ƙarfin ya sauka a ta ukun ƙarshe. Haka -graphy, -logy da -cracy suke: ge-O-gra-phy, bi-O-lo-gy, de-MO-cra-cy. Akwai ƴan togaciya da suka cancanci hadda, kamar A-ra-bic, CA-tho-lic da PO-li-tics, amma ba su da yawa.

Kashi na uku su ne na Faransancin baya-baya, waɗanda ke ɗaukar ƙarfin da kansu: re-fu-GEE, en-gi-NEER, ci-ga-RETTE, pic-tu-RESQUE.

Duk da haka ƙa'idar gado ba ta sallama ba. Ingilishi ba ya yarda kalma ta fara da raunanan gaɓoɓi biyu a jere. Idan babban ƙarfi ya yi nisa da goshi, sai a ajiye ƙaramin ƙarfi a gaba. A «nationality» da «photographic», gaɓar farko tana riƙe da wannan ƙaramin ƙarfi da cikakken wasalinta. Sulhu ke nan tsakanin Sakson da Roma a cikin kalma guda.

Wata dabara da ta fito daga wannan cakuɗa ita ce bambanta suna da aikatau ta wurin ƙarfi: RE-cord suna, re-CORD aikatau, haka PRE-sent da pre-SENT, IM-port da im-PORT. Binciken Donald Sherman na 1975 a kan tsofaffin ƙamusoshi ya samu irin waɗannan tagwaye uku kacal a 1570, amma zuwa 1934 sun kai kimanin 150.

Kalmar da ake yawan ba ƴan makaranta tsoro da ita, «antidisestablishmentarianism», mai haruffa 28 da gaɓa 12, misali ce mai kyau. Ta samo asali daga siyasar Birtaniya ta ƙarni na 19, zamanin da ake muhawara kan raba coci da gwamnati, abin da William Gladstone ya aiwatar a Irlanda da dokar 1869. Idan aka warware ta, sai tsoro ya gushe: «establish» kafawa, daga Faransancin da ya ba da «établir», -ment ya mai da ita suna, dis- rushewa, -arian mai ra'ayi, anti- adawa, -ism aƙida. Ma'anarta ke nan aƙidar masu adawa da tsige coci daga matsayinta na hukuma. Babu guntu ko ɗaya a cikinta da Sakson suka zo da shi. Ƙarfin kuma yana tafiya mataki-mataki: es-TA-blish, es-TA-blish-ment, es-ta-blish-men-TA-ri-an. Ita kuwa kalmar nan mai haruffa 45 da ke fara da «pneumono», sunan ciwon huhu daga ƙurar duwatsu, shugaban wata ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa ta Amurka, Everett Smith, ne ya ƙera ta a 1935 don kawai ta fi kowace tsawo.

Masu ƙamus da masu ɗab'i

Faransa ta samu majalisar kula da harshe tun 1635. Jonathan Swift ya nemi a yi irinta a Ingila a 1712, yana kukan yadda ake gutsure kalmomi, kamar «mob» da aka yanko daga Latin «mobile vulgus», amma bai yi nasara ba. Aikin ya faɗa hannun masu ƙamus. Samuel Johnson, a ƙamus ɗinsa na 1755 mai kalmomi sama da 42,000, ya sa alama a kan gaɓa mai ƙarfi. Thomas Sheridan a 1780 da John Walker a 1791 suka fitar da ƙamusoshin furuci. Amma bakin jama'a bai daina motsi ba. Mawaƙi Samuel Rogers, wanda ya rasu a 1855, ya yi ƙorafin cewa jin BAL-co-ny maimakon bal-CO-ny yana tayar masa da zuciya. Yau furucin da ya ƙyamata shi ne na kowa.

Raba kalma gaɓa-gaɓa ma yana da nasa tarihin. Littafin koyon karatu na Thomas Dilworth, na 1740, ya bi tsarin Latin, inda baƙi ke bin wasalin da ke gabansa: ha-bit, clu-ster. Noah Webster, wani malamin makaranta ɗan Amurka, ya soki wannan a littafinsa na 1783. Hujjarsa ita ce gajeren wasali mai ƙarfi yana riƙe baƙin da ke biye da shi, don haka yaro ya kamata ya ga hab-it da clus-ter. Littafin ya sayu miliyoyi, kuma Amurkawa sun tashi da karanta kowace gaɓa dalla-dalla. Har yau Ba'amurke yana furta «secretary» da gaɓa huɗu cikakku, Baturen Ingila kuwa yakan haɗiye ɗaya, ya ce SEC-re-try.

Masu ɗab'i kuma suna da tasu damuwar: ina za a yanke kalma idan layi ya cika? Al'adar maɗaba'ar Oxford, wadda Horace Hart ya fara rubuta ƙa'idojinta a 1893, ta fi bin asalin kalma: know-ledge, demo-cracy. Al'adar Amurka ta bi furuci: knowl-edge, democ-racy. A 1983, Frank Liang na jami'ar Stanford ya koya wa kwamfuta wannan aiki da jerin tsare-tsaren haruffa 4,447, amma ko ita takan rasa ta cewa a gaban «record», domin suna rec-ord ake yanke shi, aikatau kuwa re-cord. Darasin da ke nan shi ne ɗigon da ke raba kalma a ƙamus sau da yawa na mai ɗab'i ne. Ba lalle ba ne ya dace da gaɓar baki. (A misalan wannan maƙala mun raba gaɓoɓi ta hanya mafi sauƙi ga idon mai Hausa da Faransanci.)

Abin lura ne cewa maganin da ya fi amfani daga malaman makaranta ya fito. Paul Passy, Bafaranshe mai koyar da Ingilishi a Paris, ya kafa ƙungiyar malaman furuci a 1886, wadda ta fitar da haruffan sauti na duniya a 1888. Ɗalibinsa Daniel Jones ya wallafa ƙamus na furucin Ingilishi a 1917, wanda ya kai bugu na 18 a 2011. Ƴar sandar da ake sawa a sama kafin gaɓa mai ƙarfi a ƙamusoshin da ke hannun ɗalibanmu daga wannan makaranta ta fito.

Abin da ɗalibinmu ya riga ya mallaka

Wani ƙidaya da Thomas Finkenstaedt da Dieter Wolff suka wallafa a 1973, a kan kalmomi kimanin 80,000 na wani ƙamus ɗin Oxford, ya nuna kusan kashi 28 cikin 100 daga Faransanci suke, wani kashi 28 daga Latin, kashi 25 na dangin gado, kashi 5 na Girkanci. A wani gefen, Anne Cutler da David Carter sun nuna a 1987 cewa a hirar yau da kullum kimanin kashi 90 cikin 100 na kalmomi masu ɗauke da ma'ana da gaɓa mai ƙarfi suke farawa. Wato baƙi sun cika ƙamus, amma masu gida ne ke riƙe da kasuwa. Ɗalibin Nijar yana shigowa da ribar Faransanci a fannin ma'ana, da hasararsa a fannin furuci.

Amma yana da wata dukiya da ba a cika tuna masa ba, ita ce Hausarsa. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Shi ya sa cunkoson baƙaƙe irin na «strengths» ke yi mana nauyi, shi ya sa kuma muka mai da «screwdriver» mai gaɓa uku sukurudireba mai gaɓa shida. Sai dai ta farko marar nauyi ce, sauran biyun masu nauyi, kuma wannan shi ne ainihin ma'aunin Romawa. Da shi marubuta waƙoƙinmu ke auna baiti a ilimin aruli. Da shi muke jam'i ba tare da mun yi tunani ba: wuri, wurare, da damo, damame, saboda gaɓar farko marar nauyi ce, kifi, kifaye, da zomo, zomaye, saboda mai nauyi ce. Paul Newman ya kafa hujja da Hausa da danginta a maƙalarsa ta 1972 kan nauyin gaɓa. Yaron da ke bambanta «gari» na zama da «gari» na tuwo ba zai kasa gane dalilin a-RO-ma da CA-me-ra ba, in dai an nuna masa.

Karin sautinmu ma ya adana shaidar harsunan biyu. A soja, mota, tebur da gwamna, waɗanda muka aro daga Ingilishi, karin sama yana goshi, inda Bature ke sa ƙarfinsa. A lakwal, mushe da kardante, na Faransanci, murya tana farawa ƙasa, ta tashi ta faɗi a gaɓar ƙarshe. Kunnen iyayenmu ya ji bambancin tun ba su shiga aji ba.

Saboda haka shawara ga ƴan'uwa malamai ita ce a daina koyar da doguwar kalma ita kaɗai. A kawo ta da danginta, a jera su a allo, a sa yara su tafa a kan gaɓa mai ƙarfi: DE-mo-crat, de-MO-cra-cy, de-mo-CRA-tic. A koya musu tambaya uku a gaban kowace baƙuwar kalma: mece ce saiwarta, wane ɗafi ne a ƙeyarta, daga wane gida ɗafin ya fito? Ƙungiyoyin raya harshe da al'adu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kuma za su yi babban aiki idan suka zaunar da malaman Hausa, na Faransanci da na Ingilishi a tabarma ɗaya, su daidaita kalmomin da za a riƙa bayanin gaɓa, nauyi da ƙarfi da su, su fitar da ɗan littafin jagora da kowane malamin kwaleji zai iya riƙewa a aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.